Talla

Talla shi ne kiran mai saye. Yarinya mai tallan ƙosai da bakinta take kira. Kamfani kuwa kuɗi yake biya a yi masa talla a rediyo, a talabijin ko a manyan allunan bakin hanya. Da faransanci ana cewa « la publicité ».

Mai talla yana faɗin kyawun hajarsa, ba ya faɗin aibinta. Za ku ga hoton ƙaƙƙarfan yaro a gwangwanin madara, amma hoto ba shaida ba ne. Ku karanta ƙananan rubutu: nauyi, abubuwan da aka haɗa, da ranar lalacewa. Ana rubuta ranar bayan « à consommer avant le ». In ta wuce, kada ku saya ko an rage kuɗin, don madarar tana iya ba ku ciwon ciki. Araha ba ta ado.

Aiki

1. Kowa ya ƙirƙiro sabulu, ya ba shi suna.
2. Ya zana kwalinsa, ya rubuta tallansa.
3. Ku yi musaya: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?