Awa nawa abinci ke yi kafin ya zama cuta? Ga lissafin

A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a Nguru da Gashuwa yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci ne uwargida za ta dafa shinkafar fadama da miyar kifi da hantsi, ta zuba a kula, maigida kuma ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Idan haka ake yi a gidanku, ya kamata ku san abin da ke faruwa a cikin kular nan.

Ƙwayoyin cutar bakteriya rabuwa suke yi gida biyu: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Idan sun samu ɗumi da danshi, wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Shinkafa tana da tata matsalar. Ƙwayar da ake kira Bacillus cereus tana iya tsira daga dahuwa, ta farfaɗo idan abincin ya fara hucewa, kuma dafin da take zubarwa mai sa amai ba ya mutuwa da ɗumame.

To, yaushe abincin zai zama haɗari? A nan ne lissafin logaritim yake da amfani. Wani masani ɗan ƙasar Sukotland, John Napier, ya wallafa shi a 1614, kuma 'ya'yanku na sakandare suna koyon sa. Aikinsa shi ne amsa tambaya guda: sau nawa za a ninka kafin a kai adadi kaza?

A ce akwai ƙwayoyi 100 a kowane giram na shinkafa, alhali kusan 100,000 ne ke iya kwantar da mutum. Wato sai sun ƙaru sau 1,000. Ku buɗe kalkuletar waya, ku raba log 1,000 da log 2, wato 3 a raba da 0.301. Amsar ta kusa 10. Ninki goma, kowanne minti 20, ya ba da minti 200: awa uku da minti 20 kacal.

Ku lura da yadda abin ke tafiya. Bayan awa biyu, 100 ɗin nan ta zama 6,400. Bayan awa huɗu ta haura 400,000. Awa biyun farko da na biyu ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa abincin bai canza wari ko ɗanɗano ba.

Lissafin ya kuma nuna iyakar tsafta. Ko da kun rage ƙwayoyin farko daga 100 zuwa 10, abin da kuka samu ƙarin ninki uku da 'yan kai ne, wato awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanke hannu da kwanuka wajibi ne, amma ba zai ceci abincin da ya wuni a ajiye ba.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. A bar shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ku dafa daidai cikin iyali. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, daga nan sai ta koma ɗumin da ƙwayoyin ke so. Miya a sake tafasa ta sosai. Shinkafar da ta kwana ba firiji a haƙura da ita. Kunun yaye a dama sabo kowane lokaci. Haka abincin biki da na suna da ake dafawa tun asuba, a raba shi da wuri.

Idan yaro ya fara amai da gudawa, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In ya kasa sha, ko ya galabaita, ko kun ga jini a bayan gidansa, ku garzaya asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.