Minsharin Yaro: Yaushe Ake Tiyata?

Hankalina kan tashi in na ga yaro na minshari baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa har ya zabura. Sau da yawa tsokar bayan hanci ce, ko tonsil biyu na gefen maƙogwaro, suka kumbura suka toshe iska.

Ba kowane kumburi ke kai ga tiyata ba. Tsokar bayan hanci kan motse yayin da yaro ke girma. Likitoci kan yi la'akari da ɗaukewar numfashi, ko ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi sau 7 cikin shekara guda. Iyaye, ku ɗauki bidiyon barcinsa, ku nuna wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kada ku kai shi wurin wanzami: cire beli ba ya maganin wannan.