Ƙofar Kanta Ta Ƙi Rufuwa? Kada Ka Kwance Ƙarfen Bango

Wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na Mando, daga na 'yan unguwa zuwa na iyayen yara 'yan Islamiyya. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, ya dai ce shi tsohon kafinta ne, yana kuma ba da shawara a kan kantocin littattafan nan masu ƙofa da ake sayowa a kwali a zo gida a harhaɗa. Irin waɗannan kaya sun yawaita a wajenmu, kuma da dalili. Tsakanin sansanin sojan sama da makarantar NDA ta Afaka akwai iyalai da yawa da ake yi wa canjin wurin aiki, ga 'yan haya birjik. Kayan da za a warware a loda a bayan mota ya fi musu sauƙi a kan kabad ɗin katako da sai ƙarti huɗu sun tallaba.

Abu huɗu ya faɗa, uku daga ciki ba su isa a ɓata musu lokaci ba. Ya ce a shafa wa hinjin ƙofar baƙin mai: ƙurar hunturu kawai zai tara ya daskare, idan ƙara ce ta dame ka ɗigon man keken ɗinki ya wadatar. Ya ce duk ƙofar da ta karkace alamar jabu ce: ba haka ba ne, mai tsada ma sai an saita ta bayan an haɗa. Ya ce katakon MDF yana sa cutar daji. Wannan yana da ɗan tushe, domin gam ɗin da ake haɗa garin katakon da shi yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa cutar a 2004. Sai dai hujjar ta fi ƙarfi ne a kan ma'aikatan da suka shafe shekaru suna shaƙarsa a masana'antu. Mai sabuwar kanta a falo ya buɗe taga har warin ya tafi, kafintan da ke yanka katakon kullum ya rufe hanci.

Na huɗun ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa, ko ɗamarar da ake samu a cikin ledar kusoshi, wanda ake ɗaure saman kantar da bango da shi, shi ne ke murɗa jikin kantar har ƙofofi su ƙi haɗuwa, don haka a kwance shi a yar. Har da cewa wai nauyin littattafai ya isa ya riƙe ta. Mutumin da ya san kan sana'a ba zai furta wannan ba, balle ya naɗa ya watsa wa gidajen da ke cike da yara masu rarrafe.

Mu ɗauki kantar da ta fi kowace shahara a duniya, Billy ta kamfanin IKEA na ƙasar Siwidin, wadda aka fara sayarwa a 1979. Kamfanin ba shi da shago a Najeriya, amma yawancin waɗanda ake shigo mana da su, da waɗanda kafintocinmu ke yankawa, kusan fasalinta gare su. Tsayinta santimita 202, faɗinta 80, zurfinta daga gaba zuwa bango 28 kacal. Doguwa ce mai siririn gindi. Idan aka sa mata ƙofa biyu, faɗin kowace kusan santimita 40 ne, wato in an buɗe, ƙofar tana miƙowa gaba fiye da zurfin gindin kantar gaba ɗaya. In ta gilashi ce nauyin ya ƙaru. Yanzu sai yaro ɗan shekara biyu ya rataya a jikin ƙofar, ko ya taka hawa na farko don ya ɗauko abin da ya hango a sama. Ba sai ya yi ƙarfi ba. Shi ya sa takardar haɗa kantar take cewa lallai a ɗaure ta da bango.

Zancen nauyin littattafai kuwa ya danganta da inda aka ajiye su. A gidajenmu manyan mujalladai irin su Fathul Bari da Tafsirin Ibn Kasir sama ake kai su, saboda girmamawa, kada su yi kusa da ƙafa. Uzurin mai yin haka a fili yake, ba kuma zan ce ya sauya ba. Amma ya sani nauyin da ke sama taimaka wa kifewa yake yi, don haka shi ya fi kowa buƙatar ƙarfen nan.

Ba tsoratarwa ba ce ta fatar baki. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyin tufafi kusan miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin Malm, bayan wasu sun kife sun kashe ƙananan yara. A ƙarshen 2022 ƙasar ta kafa doka mai suna STURDY da ta tilasta gwada irin waɗannan kaya kafin a sayar. Gaskiya ne durowar tufafi aka yi wa dokar, ba kantar littattafai ba. Amma abin da ke kayar da su ɗaya ne: tsayi, ƙarancin gindi, da wani ɓangare da ke buɗewa ya jawo nauyi gaba.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda da saƙon ba, domin wasunsu sun ga abin da idonsu. Sun haɗa kanta ƙofofi suna rufuwa lafiya, aka ɗaure ta da bango, sai ɗaya ta hau kan ɗaya. Hakan yana faruwa, amma ba ƙarfen ne mai laifi ba. Daɓen ɗakunanmu da wuya ya miƙe sambal, filastar bango ma haka, ga layin tayil da ake zagaye gindin bango da shi wanda ke ture ƙasan kantar gaba. In aka ja saman da ƙarfi har ya manne da bango, dole jikin ya murɗe. Gyaran shi ne a sassauta ƙarfen, a cusa siririn katako ƙarƙashin kusurwar da ke lilo har kantar ta tsaya daidai, a sa ɗan guntun katako tsakanin samanta da bango gwargwadon kaurin tayil ɗin, sannan a sake ɗaurewa. A duba allon baya kuma. Wannan siririn allo shi ke riƙe da kusurwoyin, in an buga shi alhali kantar na karkace, haka za ta zauna. A auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyu, in awon bai zo ɗaya ba a cire allon a sake bugawa.

Sauran aikin na sukundireba ne. Hinjin da ke ɓoye a cikin irin waɗannan ƙofofi, mai zama cikin rami na milimita 35, an ƙera shi ne don a riƙa saita shi. Sukurun da ya fi kusa da ƙofar yana matsar da ita dama ko hagu, na bayansa yana kai ta ciki ko waje, waɗanda suka riƙe farantin a jikin kantar kuma su ake sassautawa a ɗaga ta ko a sauke. Rabin juyi ake yi, a rufe a duba, a sake. Kada a yi mamaki in ƙofar da ta yi daidai da hunturu ta fara gogawa a tsakiyar damina, katakon ne ya sha laima, saiti kawai take nema. In ramin sukurun ya cinye, kada a nemo mai tsayi, zai fasa allon ya leƙo ta waje. A cika ramin da tsinken ashana da gam na katako, a bar shi ya kwana, a mayar da sukurun. Hinjin da ya karye kuma a cire shi a tafi da shi kasuwar Panteka a nemo irinsa, domin lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce.

Saura 'yan haya, waɗanda maigida ya hana su huda bango. A gaya wa Alhaji gaskiyar girman aikin: rami ɗaya ne ko biyu a bulo, wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba, a sa fisha a ɗaure sukuru. Kusar kankare kaɗai ba ta isa ba, tana zarewa daga filasta in an ja. Ranar tashi a toshe ramukan da ɗan siminti a shafa fenti.