Mai Doya Ma Yana Da Suna

GARATU gari ne a bakin hanyar Minna zuwa Bida, cikin Ƙaramar Hukumar Bosso ta Jihar Neja, gaba kaɗan da Gidan Kwano. Abin da ya fito da sunansa shi ne kasuwar doya. Manoma, galibinsu Gwarawa, su ke kawo ta daga ƙauyuka, dillalai su shiga tsakani, a yi ciniki ƙwarya-ƙwarya, watau ɗari-ɗari, sa'an nan a yi lodi a manyan motoci a nufi Kurmi.

To, amma dillalin nan da ya wuni yana ɗaga murya a kan farashi, da zarar kasuwa ta watse sai ya koma wani mutum dabam. A majalisa gwanin dara ne, a unguwa shi a ke kira sasanta rigima, ran suna kuwa shi ne mai rabon goro. Kowa ya san sunansa da na mahaifinsa. Doya hanyar abincinsa ce kurum.

Wannan mutum ɗin, ran da ya bi motar doya ya sauka Mil 12 a Ikko ko Bodija a Badun, sai sunan nan ya ɓace. Ya zama “Aboki”, ko “Malam”, ko “mai doya”, kamar yadda ɗan'uwansa ya zama “mai gadi” ko “mai shayi”. Abin da ya fi wannan muni shi ne shi kansa ya yarda da haka. Tun da neman kuɗi ya kawo shi, sai ya riƙa ganin duk sa'ar da bai yi ciniki ba hasara ce. Ya fita da asuba, ya komo bayan lisha, ya kwana a rumfa, har shekara ta zagayo bai taka ƙofar kowa ba.

Ita sana'a kuwa ba ta da alkawari. A watan Maris na 2016 an rufe kasuwar Mil 12 na 'yan kwanaki saboda rikici. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Apapa da Surulere. Wanda ya ke da jama'a ya sami wurin kwana, da mai ba shi rance, da mai yi masa hanyar wani aiki. Wanda babur ne kaɗai abokinsa, ya rasa abinci da abokin shawara rana guda. Har ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2025 cewa mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma kaɗaici yana taɓa lafiyar jiki kamar yadda ya ke taɓa zuciya.

Mutanen da sun san wannan. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, fataken shanu da na goro ba su zauna zaman ɗaiɗai ba. Baƙo a zauren maigida ya ke sauka, a ci tuwo tare, a yi wazifa tare, a yi hira har dare. Cinikin shanu na bashi da su ka shahara da shi, a kan wannan sanayya ya tsaya.

Ban da zumunci, abin da mutum ya ke yi don sha'awa ya kan ɗaukaka shi fiye da aikin albashi. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta Jihar Neja, malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933. Yau da littattafansa a ke tunawa da shi.

Ba sai da kuɗi a ke samun irin wannan ba. Dara dai gurbi 30 ne a ƙasa, da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa. Akwai filin dambe inda ɗan Kudu da ɗan Jamus da ɗan Guramaɗa su ke haɗuwa, akwai ƙwallon yamma, da karatun dare wurin malamin unguwa, da adashi, da taron ƙungiyar 'yan gari. Ko yammacin Jumma'a kaɗai mutum ya ware, ya isa ya gai da marar lafiya, ya je barka, ya yi ta'aziyya.

Masu magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Duk wanda ya bar Garatu ko wani gari na Arewa ya zo ci-rani, ya kamata ya nemi mutum uku ko huɗu waɗanda za su riƙa kiransa da sunansa na yanka, waɗanda in ba su gan shi kwana biyu ba za su zo su duba lafiya.