Wandon keke na mata: Yadda za ki tuƙa ba tare da ciwo ko fita daga sutura ba

Mata da dama da suka fara hawa keke domin motsa jiki ba gajiya ce ke sa su jingine shi ba. Abin da ke korar su shi ne raɗaɗin zama a kan sirdi, da salewar fata tsakanin cinyoyi, da ƙuraje a wurin da kunya ke hana a faɗa. Sau da yawa laifin na tufafin da aka sa ne.

Matsalar ta daɗe. A 1894 wata mata da aka fi sani da Annie Londonderry ta tashi daga birnin Boston na Amurka da niyyar zagaya duniya a kan keke, sanye da dogon siket. Da ta isa Chicago sai ta ajiye shi ta koma sa wando mai faɗi, ta kuma kammala tafiyar a 1895.

Mene ne a cikin wandon?

Abu biyu ne suka bambanta wandon keke da sauran wanduna: yadi mai miƙewa da ke bin jiki, da kuma soson da aka ɗinka a tsakiya. A da fata mai laushi ake sawa a wurin. Bayan da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro zaren Lycra a 1958, masu ɗinka kayan tsere suka fara amfani da shi a shekarun 1970, daga baya soso ya maye gurbin fata.

Aikin soson uku ne: rage nauyin da ke kan ƙasusuwan zama, tsotse gumi, da hana gogayya. Na mata yakan fi faɗi a baya saboda galibi ƙasusuwan zaman mace sun fi na namiji tazara, kuma mai kyau ba ya da ɗinki a tsakiya.

Ko ƙwararru ma ba su tsira ba. Hannah Dines, 'yar Birtaniya da ta yi tseren keke a gasar nakasassu, ta bayyana a 2019 cewa sai da aka yi mata tiyata saboda kumburin da shekarun zama a kan sirdi suka jawo mata. Kafin nan hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sassauta dokarta, ta yarda a karkata bakin sirdi ƙasa har digiri 9 domin rage irin wannan rauni.

Abin dubawa kafin ki saya

Wandon ya kama jiki ba tare da ya shaƙe ki ba. Idan ya yi yawa, soson zai riƙa zamewa yana naɗewa, naɗin nan kuwa shi ke sale fata. Idan robar ƙafa tana barin shaida mai zurfi a cinya, ya yi miki kaɗan.

Kada kauri ya ruɗe ki. Soso mai kauri da laushi sosai yakan lotsa bayan ɗan lokaci, ya riƙe gumi. Matsakaici mai ɗan tauri ya fi daɗin tafiya mai nisa. Ki gwada shi a sunkuye kamar kina riƙe da kan keke, domin a haka aka yanka shi.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai roba a ƙugu, mai sauƙin sawa da cirewa. Akwai mai igiyoyi da ake ratayawa a kafaɗa, wanda ba ya matse ciki amma yana wahalarwa wajen kama ruwa, sai dai yanzu ana yin wasu da ake iya saukewa ta baya.

Ko da gwanjo ya fi araha, wannan kayan ciki ne da ke manne da fata, kuma tsohon soso ya riga ya mutu. Gara sabo mai sauƙin kuɗi.

Batun sutura

Ga mace a Kano ko Zariya ko Maraɗi, fita titi da matsattsen gajeren wando ba abin tunani ba ne. Amma ba dole ne a gan shi ba. Ana yin siriri mai soso wanda aka tanada domin sawa a ciki, a ɗora wando mai faɗi da riga mai sauka gwiwa.

Masomah Ali Zada, 'yar Afghanistan da ta wakilci tawagar 'yan gudun hijira a gasar Olympics ta Tokyo a 2021, ta yi tserenta da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano.

Hatsarin yana wajen kayan da ke lilo. Zani, doguwar abaya ko hijabi mai kai wa ƙasa na iya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya, su fizge mutum ƙasa nan take. Ki ɗaure bakin wandon dama, ɓangaren sarƙa ke nan, ki kuma sa gajeren hijabi ki cusa bakinsa cikin riga.

Tsafta ce rabin magani

Ba a sa kamfai a ƙarƙashin wandon keke. Ɗinkinsa na gogar fata, auduga kuma tana riƙe gumi. A zafin Maris da Afrilu wannan damshin kan jawo ƙaiƙayi da maruru cikin sauri.

Da kin sauka ki cire shi, ki yi wanka. A wanke shi bayan kowace fita da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a juya cikinsa waje a shanya a inuwa mai iska. Guga da bilic suna kashe yadin. Mai fita kullum tana bukatar aƙalla biyu.

Idan ba wandon ba ne fa?

Wando mai tsada ba zai gyara sirdin da bai dace ba. Idan sirdi ya yi sama da yawa, ƙugu zai riƙa rausaya hagu da dama, gogayya ta ƙaru. Daidai shi ne gwiwa ta ɗan lanƙwasa lokacin da feda take ƙasa. Idan bakinsa ya ɗaga sama, mai gyaran keke zai iya daidaita shi cikin 'yan mintuna.

Ɗan ciwon ƙashin zama a makonnin farko abu ne da aka saba, yakan wuce idan jiki ya saba. Amma kumburi, ko mutuwar jiki a gaba, ko ƙurjin da ya ƙi warkewa bayan hutun 'yan kwanaki, ba abin haƙuri ba ne. Ki ajiye keken, ki ga likita, ki faɗa mata abin da ke damun ki dalla-dalla.