Mu Koya wa Yaranmu Sanin Halin Shanu

'Yan'uwa fatake da dillalai, sanin kowa ne cewa babu kasuwar shanu a ƙasar nan, daga Abalak zuwa Badagishiri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, wadda za ka shiga ba ka ga yara a tsakiyar dabbobi ba. Wasu 'ya'yanmu ne, wasu ƙannenmu, wasu kuwa almajirai ne masu neman na abinci. Su ke riƙe igiya, su ke kai shanu mashaya, su ke kora su bakin mota ranar lodi. To, amma me muke koya musu kafin mu miƙa musu sanda? Galibi kalma biyu ce, "riƙe" da "buga". Abin da ke biyo baya kuwa mun sha ganinsa: yaro a asibiti da karyayyen haƙarƙari, ko kuma sa da karyayyar ƙafa a hannun mahauta, an sayar da shi rabin kuɗinsa.

Ɗan Bafulatani cikin garke ya buɗe ido, ya san kowace saniya da sunanta da halinta. Ɗan bafatake kuwa a gari ya tashi, kuma shanun da yake gani baƙi ne, yau sun zo jibi sun wuce Illela ko Jibiya. Saboda haka abin da wancan ya samu ta hanyar zama, namu yaran sai mun zaunar da su mun faɗa musu da baki.

Yadda saniya take gani da ji

Abu na farko da za a nuna wa yaro shi ne inda Allah Ya ɗora idon saniya. Namu a gaba yake, nata a gefen kai. Don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba, sai wuri ɗaya, wato daidai bayan wutsiyarta. Wanda ya zo mata ta nan a sace, ya taɓa ta, ai dole ta firgita. A gaya wa yaro: kada ka zo wa dabba ta baya shiru, ka biyo ta gefe, kana magana a hankali, ta san da zuwanka.

Amma duk faɗin ganin nan nata, ba ta iya auna zurfin abu kamar mu. Inuwar da ta gitta hanya, ko ɗan ruwan da ya kwanta yana ƙyalli, ko ratar da ke tsakanin matakala da bayan mota, duk a wurinta suna iya zama rami. Shi ya sa take cijewa ta sunkuyar da kai tana shinshina. Yaro sai ya ɗauka taurin kai ne, ya hau duka, alhali dubawa take yi. Idan aka ba ta ɗan lokaci, aka zuba ƙasa ko ciyawa a kan ratar, sau da yawa da kanta za ta wuce, sauran su bi ta.

Kunnenta kuma ya fi namu jin ƙara mai tsini. Ihu da fito da buga gwangwani ba sa sa ta fahimci inda ake so ta bi, sai dai su ruɗa ta. Batun da yara ke yi cewa jan kaya ne ke harzuƙa sa, wannan ba haka ba ne. Shanu ba su rarrabe ja sosai. Motsin ƙyallen ne ke jan hankalinsu, ko wane launi ne.

Inda ake tsayawa

Kowace dabba tana da iyakar da idan baƙo ya ƙetare ta sai ta matsa. Takarkarin da ya saba da mutane sai ka dafa shi bai motsa ba. Jan Bororo mai dogon ƙaho, wanda ba ya yarda da kowa sai ubangijinsa, tun daga nesa zai fara ja da baya. Azawak da Gudali galibi sun fi sanyin hali, amma kada yaro ya dogara da wannan, don dabbar da ta kwana a hanya ba ci ba sha ba ta cikin hayyacinta.

Sai kuma batun kafaɗa. Idan ka tsaya ta bayan kafaɗar saniya, gaba za ta yi. Idan ka tsaya ta gaban kafaɗar, baya za ta ja ko ta juya. Makiyayanmu sun daɗe da sanin wannan, kuma wata masaniyar dabbobi 'yar Amurka, Temple Grandin, ta yi suna a duniya wajen bayyana shi da tsara shingen lodi a kansa. Sau nawa muke ganin yaro ya tsaya a gaban sa yana jan igiya, wani yana dukan sa ta baya? Ɗaya yana ce masa koma, ɗaya yana ce masa tafi. Yo ina zai nufa? A samu takarkari mai haƙuri, a sa yaro ya gwada da kansa, ya matsa gaba ya matsa baya, ya ga yadda dabbar ke amsawa ba tare da an ɗaga sanda ba. Abin da ya gani da idonsa ba zai manta ba.

Alamun da ke cewa a ja da baya

Sau da yawa bijimi yakan yi gargaɗi kafin ya kai hari. Zai juya maka gefen jikinsa don ka ga girmansa, ya sunkuyar da kai, ya riƙa tonon ƙasa da kofato yana huci. Yaron da ya ga haka kada ya tsaya kallo, kada kuma ya juya baya ya zura da gudu in ba dole ba. Ya ja da baya sannu a hankali, idonsa na kan dabbar, har ya samu shinge ko mota ya fake.

Bayan bijimi, babu abin tsoro kamar saniya mai sabon jego. Yara suna son maraƙi, suna son shafa shi, to kada su kuskura su shiga tsakaninsa da uwarsa, komai sanyin halinta a da. Haka nan dabbar da aka ware ita kaɗai daga 'yan'uwanta. Shanu da garke suke samun natsuwa, wadda aka raba da nata za ta iya tsallake shinge ko ta bi ta kan mutum don ta koma. In za a fitar da ɗaya, a haɗa ta da wata.

A kuma nuna wa yaro cewa harbin saniya ba irin na jaki ba ne. Jaki baya yake harbi, ita kuwa tana iya kawo ƙafa gaba ta watsa ta gefe, don haka tsayawa kusa da cinyarta ba tsira ba ne. Sannan idan aka gama shanun garke biyu a kara, dole su yi karo kafin su san babba da ƙarami. Wannan ba faɗan da yaro zai shiga rabo ba ne.

Yaro shi ne idonmu

Mu muna can wajen ciniki, yaro ne ke wuni da dabba. Idan ya san yadda lafiyayya take, shi zai fara gane marar lafiya. Lafiyayyar saniya hancinta da danshi, kunnenta na motsi, wutsiya na korar ƙuda, in ta kwanta tana tuƙa. Yaro zai tambaya, "Baba, me take ci alhali babu ciyawa a gabanta?" A gaya masa cikinta ɗaki huɗu ne, tana haɗiye ciyawa da sauri ta tara a tumbi, daga baya ta dawo da ita baki ta sake taunawa, kuma takan ɗauki awa 6 zuwa 8 a kowace rana tana wannan aiki. Wadda ta daina tuƙa ta koma gefe ita kaɗai, akwai abin da ke damunta, a zo a faɗa.

Haka idan ya ga cikin ya kumbura ta gefen hagu, ko dabba tana dalalar da miyau tana ɗingishi, ko ta miƙe wuya tana tari da nishi, ya zo ya faɗa nan take, mu kuma mu nemi likitan dabbobi. Abu ɗaya kuma da za a ja masa kunne a kai: saniyar da ke ta kuka ba tsayawa, miyau na zuba kamar wani abu ya maƙale mata a wuya, kada ya tura hannu a bakinta. Shanu ma suna kamuwa da ciwon haukan kare, kuma ta miyau yake shiga mutum.

Idan ya ga suna lasar ƙasa ko bango, ba hauka ba ne, jikinsu ke neman gishiri. Dalilin ba su kanwa ke nan, kuma dalilin da ya sa makiyaya ke kai garkensu wajen Ingal a ƙarshen damina ke nan. Wannan kwaɗayin na sa su haɗiye leda, ta taru a tumbi dabba ta yi ta ramewa, don haka tsince leda a turke aiki ne babba. A hana shi kuma kai su gyauron dawa, domin ɗanyen tohon yana iya kashe dabba cikin ɗan lokaci. In kuwa ya ga karsana tana yawan kuka, wasu na hawanta, a ba shi amsa ba tare da tsawa ba: lokacin barbararta ne, yana kuma zagayowa kamar kowane kwana 21 in ba ta ɗauki ciki ba.

Yadda za mu koyar

Ba sai an buɗe aji ba. Kowace ranar kasuwa a ɗauki abu ɗaya, a nuna dabba a tambaye shi, "Kai, wancan san me yake nufi?" In ya faɗa daidai a yaba masa, in ya kuskure a gyara ba zagi. Ƙananan yara kuwa ba su da aiki a wajen lodi ko kusa da bijimi, komai ƙarancin hannu.

Sai mu tuna, abin da yaro ya ga muna yi shi zai yi. Duka yana ɓata nama da fata, mahautan Legas kuma sun san fataken da kayansu ke zuwa da tabo. Addininmu ma ya hana azabtar da dabba, ya hana dukanta a fuska. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran nan su za su gaji sana'ar nan bayanmu. Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a dukiyarmu, amin.