Hanya da Bunƙasar Gari a Arewacin Zazzau

Duk wanda ya ke so ya gane abin da ya sa wani gari ya bunƙasa, wani kuwa ya tsaya cik, to, ya fara duban hanyar da ta ratsa shi. Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ta isa misali.

Kafin zuwan Turawa, fatake ne ke ratsa ƙasar nan da jakuna da takarkarai, tsakanin Kano da Zariya. Inda duk suka saba yada zango, nan kasuwa kan tsaya, baƙi su samu wurin zama. Sa'an nan sai hanyar jirgin ƙasa wadda aka ɗauko daga Baro ta biyo ta Zariya, ta isa Kano cikin 1911. Aka kafa tasha a Likoro ta ƙasar Kudan, da Gimi ta ƙasar Maƙarfi, da Auchan ta ƙasar Ikara. Masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa sikeli kusa da tashoshin. 'Yan dako da masu sayad da abinci suka bi su, ma'aikatan reluwe kuma suka zo, waɗansu daga Kudu. Ta haka ƙauye kan wayi gari ya zama wurin ciniki.

Ba a ƙasarmu kaɗai haka ta faru ba. A can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe akwai 'yan garuruwan masunta, inda rana kan yi makonni ba ta fito ba lokacin sanyi. Cikin 1893 aka sa jirgin ruwa ya riƙa bin gaɓar teku har Hammerfest, yana ɗaukar mutane da kaya da wasiƙu. Garin da jirgin ke tsayawa, shi ya samu kafar fid da kifinsa.

To, amma in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. Da aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka yawaita, sai harkar jirgi ta yi ta ja da baya, tun ba daga wajen 1980 ba. Dalilin kuwa a fili ya ke. Auduga da gyaɗa suna iya jiran jirgi kwana da kwanaki. Tumatir da rake, waɗanda ƙasar nan ta yi suna a kansu, ba su da wannan haƙuri, ga shi kuwa mota tana zuwa har bakin fadama. Saboda haka ciniki ya koma bakin titi, wurare irin su Tashar Yari suka cika.

Jama'a dai ba raguwa suka yi ba, wurin hada-hadarsu ne ya sake. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ikara mutum wajen 194,000, Maƙarfi wajen 146,000, Kudan kuwa wajen 139,000.

Cikin 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kaduna zuwa Kano. Ya kamata masu tsara irin wannan aiki su tuna da labarin Likoro da Gimi da Auchan, gama zaɓen wurin tasha zaɓen arzikin gari ne. Ɗaliban tarihi kuma su hanzarta su rubuta abin da dattawan garuruwan nan suka sani, tun suna da rai.